Faifan filofi na marigayi Baba sun ƙi buɗewa, wa ya taɓa shiga irin wannan?

Ɗan Ringim:
Salamu alaikum jama'a. Jiya muna kwashe kayan ɗakin marigayi Baba saboda yoyo sai na ci karo da gwangwanin alawa cike da filofi, tsofaffin faifan ajiyar bayanai na kwamfuta, guda 23, wasu an rubuta 1998 a jiki da hannunsa, lokacin yana hedimasta. Na aro draib na USB, uku sun buɗe, sauran Windows sai ta ce wai in yi fomat, wato in goge su. Ban danna ba dai amma hannuna na ƙaiƙayi.

Mai Gyara Gumel:
Allah ya jiƙan Baba. Ƙanina ka cire hannunka daga wajen nan, ni na taɓa dannawa a faifan wani Alhaji mai takardun gona a ciki, har yau in mun haɗu a kasuwar Maigatari gaisuwar sama-sama ce. Fara tura ɗan makullin nan na baya hujin ya buɗe, shi ke hana rubutu. Sannan ka kwafe faifan gaba ɗaya ya zama fayil guda, shi ake ce wa imej, da manhajar WinImage ko ddrescue in kana da Linux, shi ddrescue ya fi haƙuri don yana tsallake wajen da ya lalace ya dawo masa daga baya. Duk gyaran da za ka yi a kan kwafin imej ɗin za ka yi, faifan kuwa ka maida shi gwangwani. Lafiyayyen imej na faifai mai cin 1.44 MB girmansa bayit 1,474,560 ne cif, wato layi 80, fuska 2, sekta (yankin layi) 18, kowace bayit 512. Yawanci takardun suna nan, farkon faifan ne ya mutu. FAT12 kuma, wato tsarin da filofi ke jera fayiloli, kwafi biyu take ajiye teburinta mai nuna inda kowane fayil yake, na Alhajin da na san haka da manhajar HxD kawai zan ɗora na biyun a kan na farko.

Tela Bichi:
Ni tawa a keken aikin kwamfuta ta same ni. Filofi ya yi wuya tun da Sony suka daina yi a 2011, sai na sa Gotek, na'urar da ke maye gurbin draib ɗin filofi tana karanta filash, na haɗa imej na zuba zanen wuyan riguna, keke ya ƙi gani, sati biyu ana saura kwana kaɗan sallah masu kaya na ta sintiri. Ashe keken na 720 KB yake ci, ni kuma na 1.44 nake ba shi. Da na yi sabon imej mai 737,280 na maida zanen ciki shi kenan. Duba naka, mai huji ɗaya ɗan 720 ne, wasu draib na USB ba sa karanta shi.

Malama Birnin Kudu:
Tunda ka ce yoyo to ka ja ƙarfen nan da ke rufe bakin faifan ka haska da tocila. Nawa na makaranta damina ta sa sun yi fumfuna, na sa ɗaya ya ɓata kan draib ɗin, duk wanda na sa bayansa sai ya fito da zobe a kankare. In ka ji yana ƙiiii cire shi maza. Auduga da sifirit ɗin isopropyl, a hankali, a bari ya bushe.

Ɗan Gwanjo Rano:
Nawa daban ne, tsohuwar kwamfuta Amiga 500 na tsinta a kayan gwanjo. Ita sekta 11 take rubutawa a tsarinta, draib na USB ba zai taɓa gani ba ko faifan sabo ne. Sai da wani ɗan'uwa ya taho min da Greaseweazle, wata 'yar na'urar karanta filofi, na haɗa da tsohon draib mai faffaɗar waya, na karanta na juya zuwa ADF, imej ɗin Amiga, mai bayit 901,120. Kuma yakan ciro abin da na USB ya kasa.

Ɗan Ringim:
Na gode ƙwarai. Ƙarin 14 sun fito, biyu sai da na yi dabarar teburin nan. Takardun manhajar rubutu ta WordPerfect ne, manhajar LibreOffice ta buɗe, har da sunayen 'yan aji shida, ga sunan Yaya Babba da sifili a lissafi, na tura masa ya ƙi amsawa. Saura shida masu fumfuna. Malam na Rano, yaushe za ka shigo Kano mu haɗu da na'urar taka?