Neman shawara: sifirin mai laba nawa ya dace da Glock 17 a gasar harbi?

Isufu, Yantala: Assalamu alaikum. Ina cikin ƴan wasan harbi na rundunarmu a nan Yamai, kuma gasa ta matso. Ƙaramar bindiga Glock 17 ce a hannuna, Gen 3 (ƙira ta uku), da sifirinta na kamfani mai ƙarfin laba 17, wato wayar nan mai nannaɗe da ke maido da marfin sama gaba bayan harbi, harsashi 9mm mai nauyin giren 124. In na saki biyu a jere da sauri, na biyun yakan sauka ƙasa da na farko, kamar bakin bindigar na dungurawa lokacin da marfin sama ya komo gaba. Wani ya ce in sa mai laba 13, wani ya ce 11. Manya, me kuka gani?

Ajidan Mamman, mai ritaya: Wa alaikumus salam. Ƙanena, bindigar taka ce ko ta gwamnati? In ta aiki ce, kada ka taɓa ko da ƙusa ɗaya sai da izinin mai kula da ma'ajiyar makamai.

Isufu: Ta horo ce aka ware wa ƴan gasa, Ajidan. Shi ma ya yarda, in dai a gabansa za a canza.

Ajidan Mamman: To madalla. Abin da ka gani gaskiya ne: sifirin mai ƙarfi yana maido da marfin da ƙarfi, sai bakin ya sunkuya. Amma 11 ta yi ƙasa. A Glock, in ka ja kunama, sifirin allurar da ke dukan harsashi yana jan marfin baya, sifirin da kake son canzawa kuma shi ke riƙe shi a rufe. In ya yi laushi da yawa, marfin ba zai kulle sosai ba, ka ja kunama ka ji shiru. Fara da 15, wajen kilo 6.8 ke nan. Ka gwada haka: cire gidan harsashi, duba cikin bindigar sau biyu ka tabbatar babu komai, ɗaga bakinta sama inda ba kowa, danne kunama, ja marfin baya, ka sake shi a hankali. In bai rufe da kansa har ƙarshe ba, sifirin ya yi rauni.

Sani, Tawa: Masu ba ka shawarar 11 a bidiyon ƴan Amurka suka gani. Su da kansu suke ɗura harsashi mai sauƙi, daidai da ma'aunin ƙarfin harsashi 125 da IPSC, ƙungiyar gasar harbi ta duniya, ta sa a matsayin mafi ƙaranci, filinsu kuma babu ƙura. Mu fa? Lokacin hunturu, kafin azahar, mai da ƙura sun haɗu sun zama kamar kunu a kan layin marfin. Nan ne sifirin mai laushi ke ba da kunya. Gara bakin ya ɗan dungura da a ce ta cije maka ana tsakiyar ƙidayar lokaci.

Hajiya Rabi: Ka lura da kwanson harsashi. In yana faɗowa gindin ƙafarka, ko marfin ya ƙi tsayawa a buɗe bayan harsashin ƙarshe, sifirin ya fi ƙarfin harsashin. In yana tashi can nesa kamar an jefa shi, sifirin ya yi laushi, kuma marfin na dukan jikin bindigar. In kwanson ya faɗi wajen mita biyu, ya yi. Ka sa wani ya ɗauke ka bidiyo ta gefe da waya, mai tafiyar hawainiya, za ka ga ko sifirin ne ko kai ne ke danna hannu ƙasa tun kafin ta tashi. Yawanci hannun ne, kada ka ji haushi.

Isufu: Haba Hajiya, ina zan ji haushi. Na gode ƙwarai. Dokar gasa fa?

Sani: Ka karanta ta rukunin da za ka shiga kafin ka sayi komai, kowane rukuni da abin da ya yarda a canza. Kuma wane harsashi za a raba ranar gasar? In na soja ne mai zafi, ka bar 17 ɗinka, sai dai ka sa sabo in wannan ya sha harbi dubbai.

Isufu: Zan tambaya gobe in Allah ya kai mu, sannan in yi odar mai 15.