Zaren raket ɗina a wuri ɗaya yake tsinkewa

Assalamu alaikum. Masu buga tanis, ku taimaka min, abin nan ya ishe ni.

Raket ɗina na girafait ne (wani abu marar nauyi mai ƙarfi da ake ƙera raket da shi), gwanjo na saye shi. A jikinsa an rubuta a ja zare tsakanin fam 50 zuwa 60 (fam shi ne ma'aunin ƙarfin jan zaren). Cikin wata biyu sau uku ke nan zaren yana tsinkewa, kuma duk wuri ɗaya: can sama ta hagu, daidai bakin ramin da zare ke shiga, ba tsakiya inda ƙwallo ke duka ba. Da farko zaren nailan aka sa a fam 55, kwana tara ya yi. Na koma foliyesta, na ce a sassauta zuwa 52, shi ma bai kai mako biyu ba, ga ciwon gwiwar hannu da ya bar min.

Jiya na haska da tocila, sai na ga 'yar robar da zare ke bi ta ciki ta dare, gefenta kuma ga wani siririn layi kamar gashi. Mai sa zaren ya ce fenti ne kawai. Ni dai hankalina bai kwanta ba, tunda girafait tsagewa yake yi, ba ya lanƙwashewa kamar alminiyam.

Ta yaya zan gane ko fenti ne ko jikin raket ɗin ne ya tsage, kafin in sake zuba kuɗi? Na gode.