Neman shawara: kiɗana na fita kamar na inji

Salamu alaikum 'yan gida. Dan Allah manya a taimaka min. Wata takwas kenan ina koyon haɗa kiɗa a manhajar FL Studio, laftof ce kawai da hedifon a ɗakina a Kurna, ba ni da kibod. Matsalata ganguna ne. Kik (babbar ganga) da sinaya (ƙaramar ganga mai kaifin sauti) da hai-hat (farantan ƙarfe masu cas-cas) duk suna kan layi daidai amma in na kunna sai ka ji kamar injin markaɗe ne ke aiki, babu rai ko kaɗan. Jiya na kai wa wani mawaƙi kiɗan biki da na kwana uku a kai, ya saurara bai kai minti ɗaya ba ya cire hedifon ya ce "wannan ai mata ba za su taka ba", wallahi abin ya tsaya min a rai. Na sa kalangu ma a ciki amma shi ma ƙwas ƙwas yake. Me nake yi ba daidai ba?

Wani daga Fagge:
Wa alaikumus salam. Mutumina zaɓi duka ka danna Alt+R a piano roll, wato allon da ake jera bugun, ya hargitsa maka ƙarfin bugun, shikenan ka huta.

Tsohon mai kiɗa, Zoo Road:
A'a ƙanina kar ka fara da wannan. Hargitsi daban ne da hannun mutum. Makaɗi ba wai kuskure yake ba, yana sane da inda zai danna da inda zai sassauta, kuma wurin ɗaya yake maimaitawa duk zagaye. Duba sandunan nan na ƙasan piano roll masu nuna ƙarfin bugu, na rantse duk tsayinsu ɗaya a naka, ko? To nan ciwon yake. Ƙarfin bugu a MIDI, wato tsarin da manhajar ke rubuta bugu da shi, iyakarsa 127, kai kuma ka bar kowane a 100 yadda manhajar ta ajiye maka. Ɗauki hai-hat guda huɗu na cikin bugu ɗaya, na farko ka ba shi kamar 105, na biyu 60, na uku 85, na huɗu 55, ka maimaita haka, sai can bayan layi biyu ka ɗan taɓa wasu da hannu. Wannan kaɗai za ka ji kiɗan ya fara gyaɗa kai. Sannan ka cusa ƙananan bugun sinaya tsakanin manyan, ƙarfinsu kamar 25 zuwa 40, irin waɗanda kunne ba ya kamawa sosai amma in ka cire su sai ka ji wurin ya yi fayau.

Kik ɗinka kuwa bar shi a kan layi, shi ne ginshiƙi. Sinaya za ka ɗan ja baya. A gudun bugu 100 a minti, bugu ɗaya milisakan 600 ne, rubu'insa 150, to kai abin da za ka matsar bai wuce milisakan 10 zuwa 15 ba, riƙe Alt ka ja shi kaɗan. In ka zarce haka sai ya zama kamar ɗan koyo ne ya kama ganga.

Mai tambaya:
Maigida kamar kana ganin laftof ɗina wallahi, duk tsayinsu ɗaya. To suwing fa? Na murɗa shi amma kalangun sai ƙara lalacewa yake.

Wata mai haɗa kiɗa daga Gwammaja:
Suwing jinkirta kowane bugu na biyu yake cikin ƙananan nan. A injin Akai MPC60 da Roger Linn ya tsara, wanda ya fito 1988, suwing 50 shi ne miƙaƙƙe, 66 kuma ya koma uku-uku, yawanci tsakani ake tsayawa. Amma Malam ni ina ganin matsalarka ta wuce nan. Da yawa daga kiɗan bikinmu uku-uku yake tafiya tun asali, kai kuma kana tura shi cikin akwatin huɗu-huɗu. Canja snap ɗin, wato saitin tazarar layukan da bugu ke mannewa, zuwa 1/3 beat ka sake rubuta kalangun daga farko, ka bar suwing a sifili.

Tsohon mai kiɗa, Zoo Road:
Gaskiya Hajiya ta faɗa. Kuma kalangu ai magana yake, makaɗin na matse tsarkiya a hammata murya ta hau, ya saki ta sauka, wani lokaci ma bayan gula ta riga ta sauka a fata yake matsewa sai ka ji sautin ya lanƙwasa. Sampul ɗaya ba zai taɓa ba ka wannan ba ko ka shekara kana gyara. Ka nemi mai kalangu, wajen mahauta ko gidan biki ba za ka rasa ba, ka sallame shi da mutunci, ka ɗauki bugun sama da na tsakiya da na ƙasa, kowanne sau huɗu ko biyar, ko da waya ce in ɗakin shiru ne. Ka zuba su a Layer, wato tashar da ke haɗa sampul da yawa, ka kunna Random don kar bugu ɗaya ya riƙa dawowa a jere. Lanƙwasar kuma ka yi ta da slide, wato zamar da murya daga wani sauti zuwa wani. Ni da na fara da fiyanon Yamaha da yatsa muke buga gangunan kai tsaye, shi ya sa na lokacin suke da motsi duk da sautin bai kai na yanzu kyau ba.

Wani daga Fagge:
To na karɓa oga. Ƙari ɗaya, hannu biyu makaɗi gare shi, in yana zuba gangunan tom a ƙarshen layi ka ɗauke hai-hat a wurin. Kuma ba sai da kibod ba, madannin laftof ɗinka ma na bugawa, ka danna rikodin ka buga da yatsa, ƙarfin dai sai ka gyara daga baya.

Mai tambaya:
Allah Ya saka da alheri baki ɗaya. Na gyara hai-hat ɗin na mayar da kalangun uku-uku, ƙanwata da ke shara a tsakar gida na hango ta tana takawa. Asabar akwai kamu a layinmu, zan tare mai kalangun bayan an tashi. Maigida makirufo ɗin kusa da fata zan sa ko in ɗan ja baya?

Tsohon mai kiɗa, Zoo Road:
Ja baya kamar kamu biyu, ka kashe fanka. Ka kuma roƙe shi ya buga maka minti biyu yadda ya ga dama, ka ɗora a manhajar ka kalli inda bugunsa ke faɗawa a jikin layukan.