Wai da gaske dokar ƙwadago ce ke hana a ɗauke mu aikin dindindin?

Ɗan_Kwantiragi:
Salam jama'a. Shekarata uku kenan a wani kamfani, duk wata shida sai an sabunta min kwantiragi, ba fansho ba garatuti, kuma in gurbi ya samu sai dai oga ya kawo ƙaninsa ko ɗan yayarsa. Da na yi magana sai manaja ya ce wai laifin doka ne, in suka ɗauke ka dindindin sallamarka sai an sha wuya. Gaskiya ne ko raina min hankali yake?

Tsohon_Akawu:
Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Akwai ƙamshin gaskiya, amma fa rabi ya gaya maka. Matsalar tazara ce, in sallamar ma'aikacin dindindin na da tsada ta ɗan kwantiragi kuma kusan kyauta, kai ma ka san inda mai kamfani zai karkata. Haka ta faru a Sifen, a 1984 suka sakar wa kamfanoni mara kan kwantiragin wucin gadi ba su taɓa kariyar 'yan dindindin ba, kafin ka ce kwabo kusan ɗaya cikin uku na masu albashi sun zama 'yan wucin gadi, galibi matasa. Sai ƙarshen 2021 suka ƙuntata irin wannan kwantiragi sannan adadin ya sauko sosai.

Maman_Biyu:
Ni batun dangin ne ya fi ci min tuwo a ƙwarya. Ɗan'uwa ba ya kai ka kotu, ba ya shiga yuniyon, in ciniki ya ja baya ka ce masa ya yi haƙuri da albashin wata biyu kuma ya haƙura don kunya. A Italiya ma dokar 1970 da ta tsaurara korar ma'aikaci a inda ake da fiye da mutum 15, in an zo ƙirga ba a sa matar mai kamfani da danginsa na kusa, to me zai hana shi cika wurin da su? Na yi shekara shida ina riƙe wa mijina lissafi, ko takarda ɗaya babu mai sunana. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya (ILO) tana sa irinmu cikin masu aikin da ba tabbas, kuma a cikin masu yi wa dangi aiki mata ne suka fi yawa.

Ɗan_Kwantiragi:
Allah sarki Hajiya. To Baba Akawu in aka ce bayan shekara biyu dole a mai da mutum dindindin fa?

Tsohon_Akawu:
Koriya ta Kudu ta yi haka a 2007. Wasu an tabbatar da su, wasu kuwa wa'adin na gabatowa sai a sallame su a kawo sabbi. Kai dai fara duba dokar ƙasarku ko ta ƙayyade sau nawa ake sabuntawa, kuma ka adana kwafin duk kwantiragin da ka sa wa hannu.