Musayar Waƙa: A Ƙirga Mu Kafin A Tsara Mana

Malam Mai-Alƙalami:
'Yan'uwa, ga baitoci kan alkawarin da ƙasashe suka ɗauka na sa yawan jama'a cikin tsarin raya ƙasa. Mai amsa ya amsa da waƙa.

Da sunan Ubangiji na fara,
Shi ne Ya san adadin bayinSa.
A 1994 an taru a Alƙahira,
Ƙasashe 179 suka amsa,
Cewa duk tsarin da za a zana
Na raya birni da raya ƙasa,
Sai an duba mutum nawa ne,
Ina yake, mene ne buƙatunsa.
An sake zama Nairobi a 2019,
Aka ce da saura, sai a ƙarasa.
Mu biliyan 8 ne yau a duniya,
Tun Nuwamban 2022 muka isa.
To ina tambaya, 'yan majalisa,
Alkawarin ya sauko ko yana bisa?

Baba Dattijo:
Malam, ka yi kyau, amma ina da ja,
Ka saurari tsoho ya sa baki.
Duk sanda aka ce jama'a ta yi yawa,
Talaka ake nunawa da baki.
Jama'a rahama ce, haka muka gada,
Hannu da yawa ke gama aiki.
Ku dubi Koriya ta Kudu a yau,
Haihuwa ta faɗi har ana mamaki,
A lissafi mace ba ta kai ɗa guda ba,
Ana rufe makarantu, ba yara ciki.
Japan kusan uku cikin goma sun haura shekara 65,
Suna cigiyar masu ƙarfin jiki.

Anti Ungozoma:
Baba, a gafarce ni in tanka,
Abin da ka faɗa akwai gaskiya.
Sai dai Alƙahira ba ta yanka wa kowa
'Ya'yan da zai haifa a duniya.
Cewa ta yi ma'aurata su zaɓa,
A ba su sani, a buɗe musu hanya.
Ni aikina karɓar haihuwa ne,
Na ga abin da ke sa zuciya kuka da wuya:
Mai naƙuda ta iso a makare,
Jininta ya ƙare tun a tafiya.
Da mai tsari ya san mata nawa ke yankin,
Da ya matso musu da ɗakin jinya.
A 2001 shugabannin Afirka a Abuja
Suka ce kashi 15 na kasafi na lafiya.
Ƙalilan ne suka cika wannan,
Sauran ko sun ji kunya?
Bangaladash ta tura mata masu aikin lafiya gida-gida,
Ta kuma kai 'ya'ya mata aji, Baba, ɗiya bayan ɗiya.
Haihuwa ta sauko daga shida zuwa biyu,
Jarirai suka fi rayuwa, uwa ta samu kariya.

Ƙanin Kowa:
Anti, kin sosa min inda ke ƙaiƙayi,
Ni ma ba zan yi shiru ba.
Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a yi ƙidaya
Duk shekara 10, ba ta ce 20 ba.
Ƙasar da ke tsari da kintace
Ba ta san azuzuwan da za ta gina ba.
Yaron da ba shi da takardar haihuwa,
Kasafin kuɗi bai san da zamansa ba.
Rabin mutanen Afirka, Baba,
Ba su cika shekara 20 ba.
Koriyar da ka ambata ta ci ribar matasa,
Don ba ta bar su babu karatu ba,
Ta buɗe masana'antu suka shiga.
Mu fa? Takarda a hannu, ba a kira mu ba.
Muradun ci gaban duniya da aka ɗiba wa 2030,
Ga ta a ƙofa, ba mu shirya ba.

Baba Dattijo:
Yaro, ka yi magana, Allah Ya yi albarka,
Na yarda a ƙirga, amma da sharaɗi.
Kada a kumbura adadi don rabon kujeru,
Ko a rage wasu don rabon kuɗi.
Kuma mu tsofaffi a sa mu a lissafin,
Ciwon tsufa ma yana da raɗaɗi.

Malam Mai-Alƙalami:
Baba, sharaɗinka ya karɓu. Har yanzu ba wanda ya taɓo ruwan sha da ƙasar noma, alhali bakuna na ƙaruwa gonaki na tsukewa. Wa zai ɗauki wannan? Amsa-amon ya zama "-ma".