Galag, anxiety: da Hausa me za mu kira shi?

Jama'a, salamu alaikum. Kalma nake nema, kuma da gaske nake.

Makon jiya na raka Gwaggona asibiti a nan Jidda. Wata uku ke nan tana fama: ƙirji ya riƙe, zuciya na dukan uku-uku, tafin hannu na gumi, barci kuwa sai gab da asuba yake sace ta. Aka yi awon zuciya, aka ɗebi jini, har aka duba ƙullutun nan na wuya da Larabawa ke kira gudda, domin idan ya yi aiki fiye da kima shi ma yana sa bugun zuciya da rawar hannu. Komai lafiya lau. Likitan, wani dattijo ɗan Sudan, ya ajiye biro ya ce, "Ya hajja, indik galag." Wato kina da galag, da Larabci. A takarda kuma ya rubuta anxiety, da Turanci.

Ni ne tafinta. Na juya na ce, "Gwaggo, ya ce damuwa ce ke damun ki."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Damuwar me, ɗan nan? Ina da ci, ina da sha, tsakanina da Ka'aba tafiyar awa ɗaya. Faɗa masa ni ba butulu ba ce." Ta gyara mayafinta ta miƙe. Ko takardar ba ta karɓa ba, ni na ninke na sa a aljihu.

Tun ranar nake ganin laifina ne, ko in ce laifin kalmar da na ɗauko. Damuwa buhu ce, komai zuba mata muke yi. Yaro ya hana ka barci, ya dame ka. Kura ta ci akuya, damuwa. Mutuwa, damuwa. Sannan kafafen yaɗa labarai sun riga sun ba ciwon da Larabawa ke kira ikti'ab sunan "ciwon damuwa", wato wanda mutum yake yanke ƙauna, komai ya fita ransa. Abin Gwaggo ba shi ba ne. Ita ba ta yanke ƙauna ba, kullum a tsaye take kamar mai jiran a ƙwanƙwasa ƙofa. To, me za mu kira wannan?

Wani ɗan'uwa direba, daga Riyad: Malam, ai ba sai an wahala ba. Fargaba. Ranar da igamata, wato takardar izinin zama a Saudiyya, ta ƙare, kafili, ubangidan da ya tsaya min, bai sabunta ba, na hango 'yan sanda sun tare hanya, wallahi sai da na ji ƙafata ta ƙi taka birki daidai. In wannan ba shi ne anxiety ba, ban san shi ba.

Yaya, na ji ka, kuma duk wanda ya taɓa zama da matacciyar igama ya san wannan. Amma saurari kalmar da kyau: far-gaba, faɗuwar gaba ke nan. Ras! take yi, kuma ka san abin da ya jawo ta. Ka wuce shingen, ka yi ajiyar zuciya, ta tafi. Na Gwaggo ba shinge a gabanta, takardunta cif. Yau 'ya'yanta na Kano ne, gobe ciwon da ba ta da shi, jibi abin da ita ma ba za ta iya faɗa ba. Fargaba baƙuwa ce, wannan kuwa ya shimfiɗa tabarma.

Wata 'yar'uwa, ba ta faɗi gari ba: Waswasi fa?

Wani ɗalibi a Jami'ar Musulunci ta Madina: A'a, 'yar'uwa, a bar waswasi inda yake. Na mai maimaita alwala ne sau biyar, da mai komawa duba ƙofa ko ya kulle. Likitocin nan ma waswas ƙahri suke ce masa, ciwo ne mai zaman kansa. Amma bari in kawo abin da zai taimaka. A addu'ar da Bukhari ya ruwaito daga Anas, Annabi (SAW) yana cewa: Allahumma inni a'uzu bika minal hammi wal hazan. Abu biyu ya ambata. Ibnul Ƙayyim ya bambanta su: hazan na abin da ya wuce ne, hammu kuwa na abin da ake jira ya zo. Mu da Hausa mun saba fassarawa da "damuwa da baƙin ciki". Baƙin ciki ya zauna daidai. Damuwa ce ba ta nuna inda fuskar abin take kallo ba. Ku nemo kalmar da ke kallon gobe.

Malam, Allah ya ƙara ilimi. Ka ba mu ma'auni.

Wani matashi haifaffen Makka: Ni fa ban ga abin wahala ba. Mu a gida "ana galgan" muke cewa, wato ina cikin galag, kowa ya gane. Igama, kafili, jawazat (ofishin shige da fice), tarhil (mayar da baƙo ƙasarsa), duk Hausa ta haɗiye su. Galag ma a bar shi ya shiga.

Ƙanena, aro ba haram ba ne, rabin kalmomin masallaci da kasuwa aro ne. Amma igama abu ce da ba mu da ita a Kano, dole muka karɓi sunanta tare da ita. Wannan abin kuwa kakanninmu sun san shi tun kafin a haƙa rijiyar mai ta farko a Dammam. Kuma ka yi tunanin ranar da Gwaggo za ta kira ƙanwarta a Fagge ta ce tana da galag. Ƙanwar za ta ɗauka wani ƙurji ne.

(Abin dariya, Bamisre ba ma galag zai ce ba, "ala'" zai ce, ya haɗiye ƙaf biyun da ke cikin ƙalaƙ, asalin kalmar. Wanne za mu ara?)

Wata ma'aikaciyar jinya, daga Makka: Bari in sa baki ta ɓangaren aiki. Kalma biyu muke bukata, ko kalma ɗaya mai hawa biyu. Akwai wanda kowa ke yi, kamar daren jarrabawa ko ranar da za a buɗe sakamakon gwaji, wannan ba ciwo ba ne, shi ke sa mutum ya shirya. Akwai kuma wanda ya zarce: mafi yawan kwanaki, har wata shida ko fiye, mutum ya kasa tsayar da tunanin, ga gajiya, ga saurin fushi, ga ɗaurewar wuya da kafaɗa, ga rashin barci. Shi ne likita ke rubutawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 301 ne ke da irin waɗannan cututtuka, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun magani. Mutanenmu kuwa ba sa zuwa su ce tunani. "Ƙirjina", "olsa", "hawan jini" suke cewa, a yi ta awo ana kashe riyal. Ni tararrabi nake ce musu.

Tararrabi ya matso kusa, Anti. Sai dai a kunnena yana da ƙamshin rashin tabbas tsakanin abu biyu: zai zo ko ba zai zo ba, a yi ko a fasa. Ɗan'uwan taraddadi ne. Mu riƙe shi a gefe tukuna.

Wani bawan Allah: Duk wannan dogon Turanci ne. Ƙarancin tawakkali ne kawai. Mutum yana ƙasa mai tsarki yana wani anzayati.

Wannan maganar ce ta tayar da Gwaggo daga kujerar likita, sai dai ita da kanta ta faɗa wa kanta. Ɗan'uwa, wanda ya fi kowa tawakkali shi ya koya mana neman tsari daga hammu, kuma Anas ya ce yana yawan faɗar addu'ar. Ba a neman tsari daga abin da ba ya samun mumini. Kuma ba Turawa suka fara kallon abin a matsayin ciwo ba. Abu Zaid al-Balkhi, malami Musulmi wanda ya rasu a 934, ya rubuta littafin Masalihul Abdan wal Anfus, ya yi babi-babi a kan tsoro da baƙin ciki da waswasi, yana cewa rai na ciwo kamar yadda jiki ke yi. Har shawara ya bayar cewa mutum ya tanadi kyawawan tunani lokacin da yake cikin natsuwa, kamar yadda ake ajiye magani a gida saboda ranar ciwo. Farfesa Malik Badri, masanin halayyar ɗan'adam ɗan Sudan, shi ya fassara ɓangaren littafin da ya shafi rai zuwa Turanci. Mai ciwon suga yana addu'a yana shan magani, ba wanda ya ce imaninsa ne ya yi ƙasa.

Wata Hajiya daga Shara Mansur a Makka, 'yarta ce ta rubuto mata: Mama ta ce ku yara kuna ta kewaye-kewaye. Sunansa zullumi. Ta ce lokacin da aka fara karɓar kuɗin zaman iyali daga baƙi a 2017, riyal 100 kowane kai a wata, yana hawa har ya kai 400 a 2020, ita da 'ya'ya biyar a kan igamar Baba, ba tsoro ta ji ba, don ba wanda ya biyo ta da sanda. Ba baƙin ciki ba ne, don ba a yi rashi ba tukuna. Ta ce tana cin tuwon yau amma bakinta na kan na gobe. Tana cikin ɗawafi tana lissafi. Ta ce wannan shi ne zullumi, kuma ko bayan an sami mafita bai sake ta ba, sai ya koma kan wani abin.

Na karanta wannan sau uku. Hajiya, Allah ya ƙara girma.

Ku gwada kalmar a baki. Muna cewa "ina zullumin gobe", "ina zullumin haɗuwata da shi", "tana zullumin haihuwa". Ba mai cewa yana zullumin jiya. Ma'aunin malamin Madina ya cika, fuskarta gaba take kallo. Ba ta bukatar shinge a hanya kamar fargaba. Tana daɗewa. Sannan, abin da ya fi min komai, babu zargi a cikinta. Ka ce wa dattijuwa tana da damuwa, ta ji kamar ka ce ba ta gode wa Allah ba. Ka ce tana zullumi, ka ce ita uwa ce.

Ma'aikaciyar jinyar ta dawo: Na yarda, na janye tararrabi. Zullumi na kowa, ciwon zullumi na wanda ya zarce. Tunda an samu suna, ga abin da nake gaya wa masu shi. A rage shayi da gahawa, musamman bayan la'asar, mu nan kofi goma ba komai ba ne a wurinmu, alhali suna ƙara bugun zuciya. A yi tafiyar ƙafa ko ta rabin awa ce. Idan ƙirji ya riƙe, a ja numfashi ta hanci a hankali, a sake shi a hankali fiye da yadda aka ja, na 'yan mintuna. A ware wa zullumin lokacinsa, kamar minti goma sha biyar da rana, a rubuta duk abin da ke cin rai, a raba wanda ake iya yi wa wani abu da wanda ba a iyawa. In ya zo da dare a ce masa ba lokacinka ba ne. Da farko kamar wasa, amma masu maganin zama da tattaunawa suna koyar da shi. Kuma don Allah kar a karɓi ƙwayar kwantar da hankali daga hannun maƙwabciya. Irin su Xanax suna kama jiki, ga shi a ƙasar nan riƙe su ba takardar likita babban laifi ne. Wanda likita ke bayarwa na dogon lokaci yakan ɗauki makonni kafin a ji aikinsa, kar a yar da shi a kwana uku. Mai son shawara ya kira 937, layin Ma'aikatar Lafiya.

Direban Riyad: To fargabata fa, an kore ta ke nan?

Ba a kore ta ba, Yaya. Fargaba ita ce abin da jiki ke yi, zullumi abin da zuciya ke saƙawa. Mai ciwon zullumi yakan yi fargaba sau goma a yini ba tare da ya ga ɗan sanda ba. Wanda kuma yake zuwa farat ɗaya, numfashi ya sarƙe mutum ya ɗauka mutuwa ce, cikin mintuna ya lafa, wanda Larabawa ke kira naubat hala', wannan firgici ne, zancensa sai wani zaman.

Ga inda muka tsaya ke nan: anxiety ko galag, zullumi. Idan ya zama ciwo, ciwon zullumi. Ciwon damuwa a bar wa ikti'ab.

Jiya bayan isha'i na je gidan Gwaggo da takardar. Na tarar tana tsince shinkafa, waya a kan cinya, tana jiran kiran Kano da ba a yi alkawarinsa ba. Na zauna a ƙasa na ce, "Gwaggo, rannan ni ne ban iya fassara ba. Likita ba damuwa ya ce ba. Zullumi ya ce, wai ya yi miki yawa har ya taɓa jiki."

Ta yi shiru, hannunta a cikin tire. Can ta ce, "Wannan kam akwai shi." Sai ta fara: autanta da ke tuƙa babbar mota tsakanin Kano da Legas, duk daren da ta san yana hanya ba ta runtsawa, kuma yanzu ko yana gida ma haka. Ta yi magana ta fi rabin awa, abin da ba ta gaya wa likita ko ɗaya ba.

Za mu koma wurin likita ranar Lahadi. Ta ce gahawar safe dai ba mai raba ta da ita, amma ta dare ta bar wa baƙi.