Bindigata tana cijewa a filin harbi, ga gwaji ranar Asabar

Baban Amira: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ku taimaka min da shawara, kaina ya ɗaure. Shekara huɗu ina gadin dare a Houston, ba makami. Iyalina suna Kano, yara uku ne a makaranta, ga mahaifiyata ba lafiya, kowane wata sai an nemi ƙari. Shugabanmu a wurin aiki ya ce in na samu lasisin gadi da bindiga albashina zai ƙaru, shi ya sa na biya kuɗin kwas ɗin da bashi. Na sayi fistol 9mm a hannun abokin aikina, mutumin kirki ne, tare muke sallar Juma'a. Harsashi kuma na samu da araha a wajen baje kolin bindigogi, guda 500 a leda. To kusan duk magazin ɗaya, wato gidan da ake jera harsashi, sai kwanson harsashi ya maƙale a tsaye sau biyu ko uku. Jiya ma sau ɗaya na ja kunama na ji ƙarar ba ta kai yadda ta saba ba, sai na tattara na koma gida. Gwajin harbi ranar Asabar ne. Yaya zan yi?

Tsohon Soja: Wa alaikumus salam. Yaro, bindiga ba ta da laifi, hannunka ne. Fistol tana buƙatar riƙo mai ƙarfi. In wuyan hannu ya saki, saman bindigar ba ya komawa baya har ƙarshe, sai kwanso ya kasa fita. Mu da muka je Laberiya zamanin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, wane irin harsashi ne ba mu harba ba? Ka ƙanƙame hannu kawai.

Ɗan Zango: Baba, da girmamawa, maganar ƙarar nan ta fi damuna. Malam, kada ka sake harba ta sai ka cire magazin, ka tabbatar ba komai a ciki, ka warware ta ka leƙa bututun. In albarushi ya yi kaɗan, kan harsashin yana iya tsayawa a tsakiyar bututu. Ka harba wani a bayansa, bututun zai iya fashewa a hannunka. Kuma harsashin leda yawanci tsohon kwanso ne aka sake cikawa, ba ka san wanda ya auna albarushin ba.

Baban Amira: Ai mai sayarwar ya ce shekara da shekaru yana yi. Kuma dala nawa na zuba, ba zan iya zubar da su ba.

Tsohon Soja: Kada ka zubar. Yaran yanzu komai sai su ɗora wa kaya. Ni na horar da kurata da yawa, duk wanda ya ce bindiga ta cije, in na karɓa sai ta tashi.

Abu Hanifa Dallas: Ni abin da ke ƙona min rai, kamfanonin gadin nan ba sa sayen ko harsashi ɗaya. Ni na sayi bindiga, na sayi rigar sulke, na biya kwas, ƙarin da aka yi min bai kai kuɗin man mota ba. Tun da Amurka ta hana shigo da harsashin Rasha a 2021 mai arahar ma ya yi wuya. Wata takwas ina bin su kuɗin ƙarin lokaci.

Maman Sadik: Yaya, ni dai da za ka ji tawa, ka bar aikin bindigar nan. Yaranka sun fi buƙatarka da rai.

Ɗan Zango: Ba ka faɗa mana wace iri ce ba, ko ka taɓa wanke ta ka sa mata mai, ko magazin ɗin na kamfaninta ne. Sifirin ɗin da ke mayar da saman bindiga ma yana gajiya in ta tsufa. Bayan ka duba bututun, sayi kwali ɗaya na sabon harsashi, guda 50, mai nauyin grain 124 (ma'aunin nauyin kan harsashi ke nan), ka ba malamin filin ya harba rabi, kai ka harba rabi. In ta cije a hannunka kaɗai, Baba ya yi gaskiya. In ta cije muku duka, kai ta wurin mai gyara.

Tsohon Soja: Ɓata kuɗi ne. In ma canji zai yi, ya sayi Glock 19 ya huta.

Baban Amira: Na gode Maman Sadik, amma bashin kwas ɗin fa? Maganar wanki kuwa, abokina ya ce ya wanke ta kafin ya ba ni, ba zai yi min ƙarya ba. Malamin filin kuma kuɗi yake karɓa duk awa. Ina ganin zan gwada riƙon da Baba ya ce gobe in sha Allah.

Ɗan Zango: Malam, ka leƙa bututun ko ba ka leƙa ba?

Abu Hanifa Dallas: Wane kamfani kake wa aiki ne? Nawa suka ce za su ƙara maka a awa?